Dulcie Ta Rasu, Ba a Gaya wa Noel Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Sajan Clem Treloar, babban bakaniken rumfar gyaran jirage ta uku, a madadin kansa da mutanensa masu baƙin mai a farce, yana sanar da matuƙa, da kanikawa, da masu ɗura harsashi, da masu dafa abinci in akwai wanda ya iya karatu a cikinsu, rasuwar abar ƙaunarsu Dulcie, jirgin saman yaƙi mai kujera ɗaya, 'yar gidan Kittyhawk, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talatar nan da ta wuce, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a cikin doguwar ciyawar da ke mil ɗaya gabas da filinmu na Milne Bay, bayan gajeruwar rashin lafiya da ba ta wuce minti goma sha huɗu ba. Ta rasu tana da wata bakwai a bakin aiki, wanda a wannan shekara ta 1942 tsufa ne na gaske ga irinta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kafin mai karatu ya ci gaba, akwai roƙo. An manna wannan takarda a cikin rumfar kanikawa ne, ba a tantin cin abinci ba, kuma da gangan aka yi. Matuƙinta, Noel Kerrigan, yana kwance a tantin asibiti a kan tudu, an ɗaure shi a kan katako, ƙashin bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ba a gaya masa ba. A saninsa Dulcie tana nan a rumfa ana gyaranta, nan da sati uku za ta tashi. Wanda ya gaya masa haka shi ne mai wannan sanarwa, da bakinsa, yana kallon idonsa. Don haka duk wanda ya karanta ya bar abin da ya karanta a nan, kada ya hau tudu da shi.

An haifi marigayiya a Amurka. Ta iso Brisbane a cikin akwatin katako, fiffike daban, gangar jiki daban, takardar bayanin haɗawa kuwa tana cikin wani jirgin ruwa da har yau ba a san inda ya nufa ba. Clem ya haɗa ta a kwana tara, da sifana da zagi mai yawa. Sunan gwaggonsa ya sa mata, wata mai gidan giya a Kalgoorlie, mace mai jiki da murya, wadda hawa bene yake cinye mata rabin yini, amma in ta ji an kaure da faɗa a ƙasa, kafin ka ƙifta ido ta sauko. Haka marigayiya take. Wajen hawa sama jiragen Japan dariya suke yi mata. In ta sunkuyar da kai ta nufo ƙasa kuwa, babu ɗan da ya isa ya bi ta.

Waɗanda suka zauna da ita ba za su manta muryarta ba. Da safe ba ta tashi da daɗin rai. Sai ta yi ƙyak, ƙyak, ƙyak, farfela tana juyawa kamar an tilasta mata, ta yi tari biyu, tuf, tuf, ta feso wa wanda ke kusa baƙin hayaƙi a fuska, sannan ta buɗe maƙogwaro, buuuu, har kwakwa ta faɗo daga bishiya. In ta dawo ta taka tabarmar ƙarfen da aka shimfiɗa a kan taɓo, kwaram-kwaram-kwaram, daga ɗakin girki ana sanin ita ce. In an kashe ta kuma ta ɗauki rabin awa tana ƙis, ƙis, ƙis, tana hucewa, irin ta tsohuwar da aka gama gardama da ita amma ba ta gama magana ba. Rumfa ta uku ta yi shiru tun Talata, shirun kuwa ba daɗi.

An saba a ce mamaci ba shi da aibu. Clem bakanike ne, ba zai yi wa gawa ƙarya ba, ƙaryar da zai yi a wannan mako ya riga ya yi ta. Marigayiya tana da aibu. A kan man fetur take zaunar da matuƙinta: tanki a ƙarƙashinsa, tanki a bayansa, ranar tafiya mai nisa a rataya mata wani daga waje, a ƙarƙashin cikinta. Madubin saitin bindiga tana ajiye shi daidai fuskar mutum, kuma 'yan'uwanta sun karya hanci da haƙoran duk wanda ya raina ɗaure bel. Murfin gilashinta, in jiki ya ɗan murɗe, sai ya cije, mutum yana ciki yana kallon waje, shi ya sa ake zuge shi tun ana sama. A kan jiƙaƙƙiyar tabarmar ƙarfe kuwa santsi yake ɗibarta kamar wanda ya taka sabulu.

Amma wanda zai faɗi gaskiya ya faɗe ta duka. Ba a taɓa ba Clem ƙarfen da yake son ran mutum kamar wannan ba. Dogon injinta yana gaba, shi yake fara karɓar duka. A bayan kujera akwai farantin ƙarfe daga ɗuwawu har saman kai. Gilashin gaba ya fi tafin hannu kauri. Tankunanta suna da roba a ciki mai rufe hujin harsashi da kanta. Cikinta kuwa shimfiɗaɗɗe ne mai ƙwari. Duk wanda ya rasa fili ya kwantar da ita a kan wannan cikin, ƙafafunta masu tayoyi a naɗe, tankin waje a yashe, mai a rufe, bel a ɗaure tamau, za ta yi ta jan ciki tana ihu kamar ana yanka alade, ta tsaya, shi kuwa ya fito yana neman ashana. Wannan doka ce, a rubuce take, kowane matuƙi an karanta masa ita tun yana makaranta: in ba a kan fili ba ne, kada ka sauke ƙafafu, don ba ka san abin da ke ƙarƙashin ciyawa ba.

Akwai shaida, yana nan da ransa. Laftanar Ross Fairlie, wanda ya riƙe ta kafin Noel, ya kwantar da ita a kan ciki a wata gonar rake kusa da Townsville a watan Mayu, ya fito ko ƙwarzane babu, abin da ya dame shi kawai hularsa da iska ta ɗauke. Yana nan yana cin naman gwangwani tare da kowa, yana tafiya a kan ƙafafunsa biyu.

A nan sanarwar za ta faɗi abin da ba a saba faɗa a sanarwa ba.

Kowa a wannan fili ya san dokar da ba a rubuta ba: jirgi na kanikawa ne, matuƙi aro yake yi. Su suke wuni a ƙarƙashinta cikin taɓo har gwiwa, zazzaɓin sauro yana kaɗa su, shi kuwa ya zo da gyale mai tsabta a wuya, ya hau awa biyu, ya dawo musu da ita duk huji. To, a rumfa ta uku abin ya wuce na baki. Akwai murfin akwatin harsashi da aka yi wa baƙin fenti aka rataye a jikin ginshiƙi, ana ce masa allon maɓarnata. Duk matuƙin da ya lanƙwasa kayan aro, a rubuta sunansa da alli, kuma shi zai riƙa ɗauko wa kanikawa gwangwanin shayi safe da yamma har ranar da jirgin ya sake tashi, ko da kuwa tauraro nawa ne a kafaɗarsa. Fairlie ya ɗauki shayi kwana goma sha ɗaya. Kofur Stan Dooley, mai kula da bindigogi, yakan hango shi tafe ya ɗaga murya.

“Yallaɓai mai shayi! Jiya sukari ya yi kaɗan. In ba ka iya tuƙi ba, ai ka iya cokali.”

“Shegu,” in ji Fairlie. “Wallahi da na san haka ne, da a kan rumfarku na kwantar da ita.”

Kowa ya yi dariya, shi ya fi kowa. Wasa ne. Clem ya ƙirƙiro shi, kuma yana alfahari da shi, don sauran rumfuna sun kwaikwaya. Shi ne kuma yake da kalmar da yake faɗa wa kowane matuƙi da safe, bayan ya ja masa bel ya bugi fiffike da tafin hannu: aro ce, a kan ƙafafunta ka ɗauka, a kan ƙafafunta za ka dawo da ita. Ya faɗa ya fi sau ɗari biyu. Amsar da ya saba samu ita ce yatsu biyu a ɗage, wato daƙuwa, ko zagin uwa.

Noel Kerrigan ya zo a watan Yuli, ɗan shekara ashirin da biyu, dogo, mai kunnuwa kamar na tulu, makiyayin shanu daga can yammacin Queensland inda maƙwabci yake mil arba'in. Ranar farko da Clem ya bugi fiffike ya faɗi kalmarsa, Noel bai yi dariya ba. Ya dube shi ya gyaɗa kai.

“Na ji, Saje. Haka ake yi a wajenmu ma.”

“Wajenku akwai jirgi ne, ɗan ƙauye?”

“Doki. Ina ɗan shekara goma sha biyu na ari goɗiyar maƙwabcinmu, ta gurɗe a hanya. Na hau ta a haka na ƙaraso gida. Babana bai dake ni ba. Washegari ya sa na ja ta da ƙafa har gidan mai ita, mil arba'in, na tsaya a gabansa na faɗi abin da na yi.”

“To ka ga,” in ji Clem, “ashe tsohonka bakanike ne bai sani ba.”

Da jirgin ya tashi, Stan ya goge hannu a wando ya matso.

“Clem, wannan fa ba ya gane wasa. In ka ce ya kawo maka wata, tsani zai je nema.”

“Ƙyale shi,” in ji Clem. “Ai gara a samu ɗaya mai tarbiyya a cikinsu.”

Abin da ya faɗa ke nan, Stan yana nan, a tambaye shi. Gaskiyar ita ce daɗi ya ji. Wata biyu Noel yana dawo da ita lafiya. Yakan zauna ya taya su wanke bindiga, yakan ba su tabarsa tunda shi ba ya sha, kuma bai taɓa barin rumfa ba sai ya zagaya ta ya shafa hancinta. Clem ya riƙa nuna shi ga sauran matuƙa yana cewa ku ga yadda ake riƙon kayan mutane. Magana zarar bunu ce, kowa ya sani, amma wanda yake zarar ba ya ganin rufin yana raguwa.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Ranar Talata da safe jirage huɗu suka tashi, Fairlie a gaba, suka je harbin kwalekwalen Japanawa a bakin gaɓar arewa. A zagaye na biyu wani harsashi daga ƙasa ya sami marigayiya a ƙarƙashin haɓa, inda ruwan sanyaya inji yake. Ta fara zubar da farin tururi. Noel ya juyo da ita gida, Fairlie ya bi shi a gefe. Ta yi ƙoƙari, a ba ta wannan. Ta haye tudun da ke tsakani tana gurnani, garrr, garrr, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Saura mil biyu ta kai gida ta yi ƙwas sau ɗaya, farfela ta tsaya cik. Sun yi ƙasa da yawa, tsalle da laima ba zai yiwu ba. A gaba akwai wani fili na ciyawa, kore shar, shimfiɗe kamar tebur.

Noel ya yi duk abin da aka koya masa. Ya yar da tankin waje, ya zuge murfin gilashi, ya ja bel, ya rufe mai, ya kashe wuta. Sai Fairlie ya ga ƙafafun suna saukowa a hankali, ɗaya tana gaba da ɗaya, alamar da famfon hannu ake fito da su. Abin da aka faɗa a rediyo, ma'aikacin da ke sauraro a ƙasa ya rubuta shi, Clem kuma ya karanta.

“Noel, me kake yi? Mayar da su! A kan ciki, a kan ciki!”

“Filin sumul yake, Yallaɓai. Zan iya.”

“Fadama ce, ɗan banza! Mayar da su na ce!”

“Ba za a rubuta sunana a allon Clem ba.”

Ta sauka sumul, Fairlie ya ce bai taɓa ganin sauka mai kyau irin wannan ba. Ta yi gudu kamar taku sittin. Sannan tayoyin suka nutse a laka har wuya, hancin ya caki ƙasa, wutsiya ta tashi sama ta wuce, ta faɗi a kan bayanta. Masu aikin hanya da suke kusa sun ce ƙara ɗaya suka ji, dim, daga nan sai kukan tsuntsayen da suka watse. Wannan ita ce kalmarta ta ƙarshe.

Motar da ta kwaso masu ceto daga fili ta tsaya inda hanya ta ƙare, sauran da gudu aka yi shi. Clem yana da shekara arba'in da huɗu da zazzaɓi a jiki, amma ya riga Stan isa. Mutanen ƙauyen da ke bakin ruwa sun riga kowa, har sun sare itace sun fara cusawa a ƙarƙashin wutsiya. Babu wuta, saboda an rufe mai. Farantin ƙarfen bayan kujera ya nutse a laka amma bai lanƙwashe ba, shi ya hana jirgin zama a kan wuyan mutum. Noel yana rataye da bel, kai a ƙasa, rabin fuskarsa a cikin taɓo. Stan ya miƙa hannu zai ɓalle bel ɗin, Dakta Ferris ya buge hannun.

“Ka saki wannan ya faɗo a kan kansa, ka kashe shi. Ku tona ta ƙasa.”

Da hannu aka tona, minti arba'in, mutanen ƙauyen suna riƙe da wutsiya a kan itace, kafaɗunsu suna rawa, babu wanda ya saki. Clem yana kwance a cikin ramin yana share wa Noel laka daga baki da yatsa. Da ya samu numfashi, ga abin da ya fara cewa.

“Saje, sun fito duka biyun? Sun kulle?”

Clem ya ɗaga kai. Ga su nan a sama, miƙe, ya shafa musu mai da hannunsa da safen nan, ko ƙwarzane babu.

“Sun kulle.”

“To madalla,” in ji Noel. Can kuma ya ce, “Wani ya ɗage min abin da ya danne ƙafafuna.” Babu abin da ya danne su.

An duba gawar Dulcie ranar Laraba da safe. Hafsan injiniyoyi ya zagaya ta sau biyu, ya nuna inda gangar jiki ta karye a bayan kujera, ya nuna tsagewar babban ƙarfen fiffike, ya leƙa injin da ya narke ya haɗe, ya rubuta cewa ba za ta sake tashi ba. Clem ya tambaye shi kai tsaye, da a kan ciki aka kwantar da ita fa? Hafsan bai ɗago daga takardarsa ba. Ya ce sabon inji, sabuwar farfela, kwanon ciki, sati biyu. Clem ya ce ba jirgin yake tambaya ba. Hafsan ya ce, “Saje, ka fi ni sanin amsar.”

Saboda haka iyalan marigayiya suna shaida a gaban Allah da mutane cewa ba ta da laifi. Abin da aka gina ta ta yi, ta yi shi har a kan bayanta. A takardar rahoto an rubuta kuskuren matuƙi. Clem ya je gaban kwamanda ya ƙame ya ce a gyara, bakinsa ne ya sauke ƙafafun nan. Kwamanda ya saurare shi har ƙarshe, mutumin kirki ne, sannan ya juyo masa da takardar ya ce ya nuna masa layin da ake rubuta irin wannan. Babu layin. Allon maɓarnata kuwa, Stan ya farfasa shi da yammacin Talata ya dafa shayi da shi, bai nemi izinin kowa ba, shayin ma babu wanda ya sha.

Da yammacin Laraba Clem ya hau tudu. Ya wanke hannu da fetur, ya sa riga, ya shirya maganarsa tun daga ƙasa, ya maimaita ta sau uku a hanya. Ya tarar da Noel kwance a kan katako, buhun yashi a kowane gefen kansa, ido a rufin tanti, don ba ya iya juyawa. Sai da Clem ya sunkuyo a kansa suka ga juna.

“Saje. Ka zo rubuta sunana ne?”

“Wa zai ɓata alli a kanka, ɗan ƙauye?”

“Yaya take?”

“Tana nan.”

“Na san ta sha wuya. Kwana nawa?”

A nan ne maganar da aka shirya ta gudu. Clem ya dubi fuskar, ya ga mutumin da ya sadaukar da ƙashin bayansa don wani abu, yana jiran a gaya masa abin ya tsira.

“Sati uku,” in ji shi. “In Stan ya daina lalaci.”

“To ba a yi asara ba ke nan.” Noel ya lumshe ido. “Kada ka bari su ba wani maras hankali. Ranar da ta tashi ka rubuto min. Shayin kuma a yi min haƙuri, zan biya in na dawo.”

Clem ya fito ya gangara daga tudun. Tun daga nan bai rasa masu ba shi shawara ba. Dakta Ferris ya ce a bar mutumin da abin da yake riƙe da shi, tafiyar teku zuwa asibitin Brisbane kwana biyar ce, marar lafiyar da ya saki zuciya ba ya kai gaɓa. Stan ya ce ƙarya ce, a Brisbane wani baƙo zai gaya masa a gadon asibiti, cikin hira, ba tare da ya san abin da ya faɗa ba, ranar kuwa Noel zai san Clem ya cuce shi sau biyu. Fada, limamin cocinmu, ya ce zai yi addu'a. Dukansu suna da gaskiya, abin da ya sa Clem yake jin haushinsu ke nan. Bai taɓa jin tsoron bom kamar yadda yake jin tsoron tudun nan ba, kuma ba ya jin kunyar rubutawa.

Marigayiya ta rasu ta bar bindigogi shida, huɗu masu lafiya, waɗanda 'yan'uwanta na rumfa ta ɗaya da ta biyu za su riƙa. Ta bar tayoyi biyu, da rediyo, da fiffiken hagu wanda har an fara faɗa a kansa tun gawa ba ta huce ba. Ta bar agogon gaban kujera, wanda wani ɗan halak ya riga ya kwance tun kafin a ja ta daga fadama. Ba a neman sunansa, ana dai yi masa addu'ar ya riƙa makara. Ta bar Kofur Stan Dooley, da kanikawa uku da yanzu suke zaune a kan akwati suna kallon wurin da babu komai sai ɗigon mai. Ta bar Laftanar Fairlie, wanda tun Talata bai zagi kowa ba. Ta bar Sajan Clem Treloar. Ta kuma bar Noel Kerrigan, da uwarsa, da wani tsoho a yammacin Queensland wanda za a aika masa wasiƙa, kuma wanda wataƙila zai ce ɗansa ya yi daidai.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a da ƙarfe goma na safe, a ramin da ke bayan kurmin kwakwa, kudu da fili, ta gefen da ba a hangowa daga tudu. Za a fara da kwance abin da zai amfani masu rai, sannan gatari, sannan katafila ta tura sauran. Ba za a sa wuta ba ko da an saba, don hayaƙi ana ganinsa daga teku. Ba a buƙatar furanni. Mai zuwa ya zo da sifanarsa. Za a yi zaman makoki a rumfa ta uku daga azahar, akwai shayi, kowa ya ɗauko wa kansa.

An sa ƙarfe goma ne saboda jirgin ruwan asibiti yana ɗaukar marasa lafiya da ƙarfe tara. Noel ya aiko ta bakin Dakta cewa yana so Clem ya kasance cikin masu ɗaukarsa, kuma ta wajen kai yake so ya riƙe, don su yi hira. Daga inda mota take tsayawa zuwa bakin ruwa taku ɗari huɗu ne, Clem ya je ya ƙirga. Mai riƙe wajen kai, fuskarsa ce kaɗai abin da na kwance yake gani duk tsawon hanyar. Zai tambaya, babu shakka, wataƙila tun kafin a yi taku ashirin. Clem ya yi niyyar gaya masa gaskiya, ya gaya masa har da cewa wasa ne tun farko, kuma babu ƙarfen da ya kai abin da aka bayar. Ya yi wannan niyyar ranar Laraba ma.

Idan ƙarfe goma ta yi ba a ga Clem mai gawa ba, kada a jira shi. Stan ya san inda ake fara sa gatari.